Mai Hoton Kan Hanya a Ƙasar Rano da Kibiya

Masu ɗaukar hoto a kudancin Kano iri biyu ne. Akwai na shago, wanda ke zaune a bakin titi da labule mai zane a bayansa, yana jiran ɗalibi mai neman fasfo ko amarya da ƙawayenta. Akwai kuma wanda ba ya jiran kowa, shi ne ke bin mutane har inda suke. Da sassafe zai rataya jaka, ya ɗaure ƙaramar firinta a bayan babur, ya kama hanyar da ta ratso daga Karfi ta Bunkure zuwa Rano, ya zarce Kibiya, daga nan ya sauka daga kwalta ya shiga burji. Yau yana Rurum wajen ɗaurin aure, gobe yana Tarai wajen saukar karatu, jibi suna ne a Saji ko taron siyasa a Durba. Shagonsa shi ne babur ɗinsa, kuma a kan wannan mutumin nake son yin magana.

Ba a rasa abin ɗauka a wannan ƙasa. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini, sarkinta kuma shi ake wa kirari da Autan Bawo. A 'yan shekarun nan ma sarautar ta ba masu kyamara aiki mai yawa. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, da Tafida Abubakar Ila a kan gado. Allah ya yi masa rasuwa a watan Mayun 2020, Kabiru Muhammad Inuwa ya gaje shi. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar da ta ɗaga Rano, sannan ta dawo da masarautar a matsayi na biyu, ta haɗa mata Rano da Bunkure da Kibiya, aka naɗa Muhammad Isa Umaru. Duk naɗin da aka yi a tsakani, na hakimi ne ko na dagaci, da duk mubaya'a da hawan Sallah, akwai wani da ya tsaya a rana da kyamara a wuya domin kada abin ya wuce ba shaida. Ga kuma duwatsun Rurum, ga madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Audu Baƙo, da masunta a kan kwalekwale, ga fadamun shinkafa da tumatir na Bunkure da ke shan ruwanta.

Wanda bai san sana'ar ba yana ganin latsa maɓalli ne kawai. Abin da ake koyo a hannun maigida, shekara da shekaru ana riƙe masa jaka, shi ne karanta haske. Mutanenmu baƙaƙe ne, kuma a ranar biki farar shadda suke sawa. Idan ka bar kyamara ta auna hasken da kanta, rigar za ta fito tas da duk aikin da ke jikinta, fuskar mai rigar kuwa ta nutse cikin duhu. Idan ka biye wa fuskar, rigar ta ƙone ta zama fari fat ba zane. Gwani ya san tsakiyar, kuma ya san cewa da rana tsaka hula da rawani suna jefa inuwa a kan ido, don haka yake jan dattijo zuwa gindin darbejiya ko bakin zaure, ko ya kunna filasha da rana kata, abin da ke ba 'yan kallo mamaki. Da hunturu hazo yana tausasa rana, hoto ya yi laushi, amma ƙurar da ta kawo wannan kyau ita ce ke shiga cikin kyamara duk lokacin da aka sauya gilashi, sai a ga ɗigo-ɗigo a sararin kowane hoto. A wajen hawa kuwa, mai hoto ba ya tsayawa doki ya nufo shi kai tsaye. Gefe yake samu, ya bi mahayin da kyamara yana juyawa da shi, ya latsa daidai lokacin da aka ja linzami aka ɗaga mashi.

Sai kuma ladabi, wanda ya fi hasken wuyar koyo. Ba a ɗaga kyamara a gaban basarake sai an faɗi an yi gaisuwa, an ce ranka ya daɗe. Ba a kutsa kai cikin gida wurin mata sai maigida ya yi izini, wani gidan ma iyakarka zaure, sai dai ka miƙa wa wata yarinya kyamarar ka nuna mata inda za ta latsa. Tsoho zai ce, “Yaro, ni ban da ni,” kuma magana ta ƙare, ba gardama. Ina ganin a nan sana'ar ke da babban giɓi, domin rabin bikin Bahaushe a cikin gida ake yin sa, kamu da wankan amarya da buɗar kai, kuma mace mai kyamara ce kaɗai za ta iya ɗaukar sa yadda ya kamata.

Dattawan sana'ar suna tuna zamanin fim. A ɗauki biki ranar Asabar, a tara fina-finai, a shiga mota zuwa birni a kai wanki, a dawo a bi gida-gida ana raba hotuna ana karɓar cikon kuɗi. Kafin a wanke ba wanda ya san abin da ya fito, kuma idan haske ya shiga fim, bikin mutane ya tafi ke nan. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, daga baya ta zo da kyamararta, kamfanin Kodak da kansa ya durƙushe a 2012. Yanzu kowane saurayi a wurin biki mai hoto ne. Abin da ya rage wa ɗan sana'a shi ne abin da waya ba ta bayarwa: kati a hannu nan take, wanda za a sa a firem a rataye a ɗaki. Shi ya sa yake yawo da firinta da batir. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kowace tafiya sai an yi mata lissafi kafin a tayar da babur.

Wannan lissafi ne ke kai mu ga abin da ya fi damuna. Ka lura da mai hoton kan hanya idan hadari ya taso: kyamarar zai fara naɗewa a leda, ya cusa ta cikin riga, shi kuwa ruwan ya ƙare a kansa. Yana da buroshi da ƙyallen goge gilashi, yana da jaka mai soso. Jikin da ke ɗauke da wannan kaya, wanda shi ne ainihin jarin, ba a ware masa ko sisi.

Kowane lokaci na shekara da irin cutar da yake tanadar masa. Da damina zazzaɓin cizon sauro ne, kuma wanda ke kwana a zauren mutane ba gidan sauro shi ya fi kowa shiga hannu. A yankin noman rani ma sauron ba ya tafiya hutu, domin ruwa na kwance a fadama har cikin rani, kuma wanka a magudanar ruwan na iya jawo tsargiya. Zazzaɓin yakan fara da kasala da ciwon gaɓoɓi ana tsakiyar aiki. Abin da aka saba yi shi ne a tsaya kemis a ce a haɗa magani, a watsa, a koma bakin aiki. Gwajin jinin nan na ɗan yatsa ba ya wuce minti 20, kuma shi ke raba zazzaɓin sauro da taifot da sauran masu kama da shi. Tun 2005 Najeriya ta bar kulorokwin ta koma maganin haɗi da ake kira ACT, wanda mafi yawansa sau biyu ake sha a rana har kwana uku. Matsalar matafiyi ita ce ya sha na rana ɗaya, ya ji sauƙi, ya jefa sauran a jaka. Bayan mako biyu ciwon ya dawo ya kwantar da shi a ranar da ya riga ya karɓi kuɗin wani biki.

Da hunturu, ƙurar da yake kare kyamara daga gare ta ita yake shaƙa a kan babur tun daga Rano har Kibiya, ga tari, ga jan ido, mai asma kuwa sai addu'a. Bazara ta fi tsanani. A watan Afrilu zafi a ƙasar Kano yana haura digiri 40, kuma da yake shekarar Musulunci tana ja baya da kwana 11 a kowace shekara, Ƙaramar Sallah a 'yan shekarun nan cikin zafin take faɗowa, wato ranakun da suka fi kawo ciniki su ne suka fi haɗari. Mahayi yana da lema ko rawani, mai kallo yana iya neman inuwa, mai hoto ne kaɗai aikinsa ya hana shi barin rana. Jiri da ciwon kai da fitsari ja alamu ne cewa ruwan jiki ya yi ƙasa. Idan gudawa ta haɗu da wannan, daga ruwan rijiyar da ba a sani ba ko abincin biki da ya kwana, mutum na iya zubewa cikin awoyi kaɗan. Ruwan gishiri da sukari ba shi da tsada a kemis, kuma ko babu ana haɗa shi: litar ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya kamata ƙunshinsa ya zauna a jaka kusa da batir.

Akwai ciwon da ba a yi masa dabara a hanya ko kaɗan. Zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai, wuya ya ƙage, ido ba ya son haske, wannan sanƙarau ake zargi, lokacinsa kuma daga hunturu zuwa bazara ne, a cikin cunkoso irin wanda mai hoto ke rayuwa a ciki. Kanawa ba su manta annobar 1996 ba. Wanda ya ga waɗannan alamu a jikinsa ko a jikin yaronsa, ya ajiye kyamara, a nufi babban asibitin Rano ko asibiti mafi kusa a wannan sa'ar. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma duk inda aka ji ana yin ta, masu yawon taro su ya kamata su fara shiga layi.

Sauran cututtukan a hankali suke zuwa. Gadon baya da ke shan girgizar burji da nauyin jaka a kafaɗa ɗaya. Gyambon ciki na wanda ke wuni a kan shayi da goro saboda ba ya son a ɗaura aure yana wajen cin abinci. Faɗuwa a babur da daddare a hanyar dawowa, ba hular kwano. Sai ido, wanda idan ya tafi sana'ar ta tafi.

Labarin Philippe Koudjina ya isa misali. A shekarun 1960 da 1970 yana cikin masu hoton da suka fi suna a Yamai, ya ɗauki samari da 'yan matan sabuwar Nijar a wuraren shaƙatawarsu, ya buɗe shagonsa, ya ci abinci da sana'ar shekaru masu yawa. Daga baya hawan jinin ido ya riƙa cin ganinsa, mota kuma ta buge shi ya koma tafiya da sanduna. Fim ɗin da wasu Turawan Holan suka yi a kansa, mai suna Photo Souvenir, ya nuna shi yana bara a titi, kyamarorinsa da tarin fina-finansa suna shan ƙura a kabad. Ya rasu a 2014. Tsaransa Malick Sidibé na Bamako ya samu babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 2007, hotunansa na rataye a gidajen tarihi na duniya. Tazarar da ke tsakanin ƙarshen mutanen biyu ba ta gwaninta kaɗai ba ce, lafiya da samun mai adana aiki suna ciki. Hawan jinin ido ba ya ciwo a farkonsa, daga gefe yake fara cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Gwaji ne kawai ke kama shi da wuri, shi ya sa duk mai hoton da ya haura shekara 40 ya kamata ya riƙa kai idonsa a auna.

Idan mai hoton ƙauye ya kwanta, ba cinikinsa kaɗai ke tsayawa ba. A cikin akwatinsa da katin memorinsa akwai fuskokin dattawan da suka rasu, da kasuwanni kafin a sake musu wuri, da ganuwa da zaurukan ƙasa kafin a rushe su a sa bulo. Sau da yawa iyali ba su san darajar wannan kaya ba, sai gara da damshi su gama da shi, ko a goge memori a sayar.

Ina kira ga masu wannan sana'a a Rano da Kibiya da Bunkure su yi wa jikinsu irin tanadin da suke yi wa kyamara. Adashin da ake yi don sayen sabon gilashi, a buɗe masa ɗan'uwa na jinya, kowa ya riƙa zuba wani abu bayan kowace Sallah, lokacin da aljihu ke da nauyi. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, kuma dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta shafi masu sana'ar hannu, ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ba. Shiga a ƙungiyance ya fi shiga ɗai-ɗai sauƙi. Fadar Autan Bawo kuma, da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, su aika a nemo tsofaffin masu hoton da ciwo ya zaunar a gida, a sayi kwafin abin da suka tara da farashi na mutunci, a rubuta sunan kowa a ƙarƙashin aikinsa, tun suna da ran da za su faɗi wane ne a cikin hoton da kuma shekarar da aka ɗauka.