Ɗan Zomon Da Aka Tsinta A Gona

Kowace shekara, tun daga sassabe har zuwa maimai, ba a rasa yaron da zai komo daga gona da ɗan zomo cikin hula. Ya ce ya tarad da shi ne kwance shi kaɗai a gindin ciyawa, ba uwa, ba alamarta. Mutanen gida su ji tausayi, a kawo koko ko madarar gwangwani a ɗura masa, yara su yini suna ɗauka suna ajiyewa. Kwana biyu ko uku sai a wayi gari ya sandare, a ce ai da ma maraya ne. Alhali kuwa yawancinsu ba su zama marayu ba sai ran da aka ɗauke su.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne dabbobi biyu ne Hausa ta ba suna ɗaya. Zomon gida da a ke kiwo cikin keji, asalinsa daga ƙasar Sifen da Fotugal ne, can kuwa cikin rami ya ke zama. Zomanyarsa ta kan yi ciki na kwana 31, ta tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa, ta haifi 'ya'ya tsirara, idonsu rufe, sai wajen kwana 10 su ke buɗewa. Zomon jeji na ƙasar Hausa, mai dogayen ƙafafu da dogon kunne, wani jinsi ne dabam, ko an haɗa shi da na gida ba su haihuwa. Cikinsa wajen kwana 42 ne, ɗa guda ko biyu, wani lokaci uku. Da gashinsa a ke haihuwarsa, ido buɗe, nauyinsa kamar na ƙwan kaza biyu, ran nan kuma ya ke fara tsalle. Ba ya bukatar rami, ɗan gurbi a gindin ciyawa ya ishe shi.

Uwarsa ba ta zama kusa da shi, kuma da gangan ta ke yin haka. In ta zauna, ita ce za ta nuna wa dila da kare da shaho inda ɗanta ya ke. Saboda haka sai ta yi nisa ta yini, in rana ta faɗi ta zo ta ba shi mama na 'yan mintoci kaɗan, ta sake tafiya sai gobe. Shi kuwa dabararsa ita ce ya lafe da ƙasa, ya kwantar da kunne, ko da fartanya ta zo kusa da shi ba ya motsi. Wannan lafewa ita ce mutane ke ɗauka rashin lafiya ko yunwa.

To, wanda ya ga ɗan zomo kwance, cikinsa a cike, idonsa garau, ba rauni a jikinsa, abin da ya fi shi ne ya bar masa tsibirin ciyawar nan kada ya nome, ya janye karensa. In yaro ya riga ya kawo shi gida, a mai da shi daidai wurin kafin magariba. Zancen da a ke yi wai uwa ba ta karɓar ɗan da hannun mutum ya taɓa ba shi da tushe.

Amma akwai maraya na gaskiya, an fi samunsa da rani, lokacin ƙunar daji da farauta. Shi ne wanda aka ga an kashe uwarsa da nono a jikinta, ko aka ƙwato shi daga bakin kare, ko aka same shi jiki ya yi sanyi, ciki ya shafe, ƙudaje na binsa. Wannan kam in an bar shi mutuwa zai yi, sai a gwada reno. Sai dai mai gwadawa ya sani tun farko, ko waɗanda suka ƙware da wannan aiki da yawa na mutuwa a hannunsu.

Aikin farko ba abinci ba ne. A sa shi cikin kwando ko akwati mai murfi da iska ke shiga, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a kai ɗakin da ba hayaniya, ba hayaƙi, ba kyanwa. In da hunturu ne a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye gefe guda, yadda in zafi ya ishe shi zai matsa. Sai jikinsa ya yi ɗumi tukuna a ba shi wani abu, gama cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da madara. Tsoro kaɗai ya isa ya kashe ɗan zomon jeji, don haka mutum ɗaya ne zai riƙa taɓa shi, a hana yara. Kada kuma a ɗaga shi ta kunne, in ya yi harbi da ƙafafun baya ya kan karya gadon bayansa da kansa.

Wajen madara nan wuyar ta ke. Tun da sau ɗaya uwa ke shayarwa a yini, madararta mai kauri ce ƙwarai. Da masana suka auna ta zomon jejin Turai sun sami mai fiye da kashi 20 cikin 100, ta akuya ko saniya kuwa wajen kashi 4 ne ko 5, ga su da zaƙin da cikin zomo bai saba da shi ba. Cikin abin da manomi ke iya samu, madarar tunkiya ta fi kusa, sa'an nan ta akuya. A tafasa ta, a bari ta huce ta koma ɗumin jiki. Ban da sukari, ban da zuma, ban da madarar gwangwani mai zaƙi, koko da kunu kuwa ba a ma maganarsu.

Da sirinji marar allura a ke ba shi. A naɗe shi da ƙyalle, a zaunad da shi bisa ƙafafunsa, kada a kwantar da shi rigingine kamar jariri. A sa bakin sirinjin ta gefen leɓe, a riƙa ɗigawa yana lasa. Mai gaggawa shi ke kashewa, domin in madara ta bi ta hanci ta shiga huhu, ciwon huhu ne zai biyo baya. Ran farko watakila ɗigo kaɗan zai karɓa. In ya saba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ya isa a zama guda, sau 2 ko 3 a yini, a riƙa ƙarawa yadda ya ke girma. Da an ji cikin ya taso amma da laushi, a tsaya. A kwanakin farko a shafa masa mara da auduga mai ɗumi bayan ya sha, don ya yi fitsari.

Tun yana mako guda a ajiye masa harƙiya ko kyasuwa da 'yar harawar gyaɗa, da ruwa a murfin kwalba. A tsinko ciyawar inda ba a yi feshin magani ba, a bari raɓa ta bushe. Lokacin da ya ke barin madara ya koma ciyawa, wajen mako 3 zuwa 4, nan ne zawo da kumburin ciki ke kwashe da yawa, saboda haka a rage madara sannu sannu, kada kuma a sake masa irin abinci farat ɗaya. In zawo ya kama shi a nemi malamin dabbobi. Kada wani ya ɓare kafson ampisilin ko penisilin ya ɗura masa, waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa a hanjin zomo, na gida da na jeji duka, su kashe shi.

Mai kiwon zomayen gida kuma kada ya kai baƙon kusa da kejinsa, ya riƙa wanke hannu tsakaninsu. Akwai wata annoba mai sa zomo zubar jini a ciki ya mutu farat ɗaya. Sabon irinta ya ɓulla a Faransa cikin 2010, an tabbatar da shi a Nijeriya cikin 2020, an kuwa san yana kama zomon gida da na jeji.

Wani zai ce me ya sa a wahala kan dabbar da gobe za ta cinye wake? Wani kuma yana lissafin ya sami irin kiwo a banza. Na biyun nan ya yi asarar madararsa, gama zomon jeji ba ya sabo, yana girma yana ƙara firgita, har ya fasa hancinsa a jikin waya. Mai son riba ya sayi zomanyar gida, wadda ke zuba 'ya'ya 6 ko 8 a haihuwa ɗaya.

In ya kai mako 6 zuwa 8, ya bar madara sarai, yana zabura in ya ga mutum, lokacin sakinsa ya yi. A ɗauki akwatin da yamma lis a kai bakin jejin da aka samo shi, wurin da ciyawa ba ta ƙone ba, nesa da gari da karnukansa. A buɗe murfi, a ja da baya, a bar shi ya fita da kansa.