A Kan Kalmar “Wane”

Sau da yawa ɗalibai kan gauraya “wani” da “wane”, alhali aikinsu daban ne. In aka ce, “Wani ya zo daga Garki,” ba a tantance mutumin ba. In kuwa aka ce, “Wane ya zo,” an san shi sarai, sunansa kaɗai aka sakaya, ko don kunya, ko don rufin asiri. Ta mace ita ce “wance”, jam'i “su wane”. Ga abubuwa kuwa sai “kaza”, wadda aka aro daga Larabci.

Wasalinta na farko dogo ne, na “wane” ta tambaya gajere. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana nuna tsawon wasali, amma rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Saboda haka wajibi ne malami ya furta su, ɗalibai su ji.