Lissafin integiral: Daga duron mai zuwa jarrabawar BAK a Sankaryare

Idan duro mai cin lita 200 yana kwance, aka zura sanda aka ga man ya kai kwatan tsayin bakinsa, lita nawa ke ciki? Da yawa za su ce 50. To, wajen 39 ne, domin ƙasan duron kwance ya fi tsakiyarsa matsi. Wanda ya saya da kintacen sanda ya yi asarar lita 11.

Lissafin da ke fitar da wannan amsa shi ake kira integiral, wato tara ƙananan yanka har su ba da jimilla. Bajamushe Leibniz ne ya ƙirƙiro alamarsa, ∫, a 1675. Shi ne kuma ke hana 'ya'yan 'yan kasuwar Sankaryare a Wagadugu barci idan jarrabawar BAK ta ɓangaren C da D ta gabato, kuma yana jiransu a Jami'ar Joseph Ki-Zerbo.

Matsalar ɗalibi ba ta wuce gaggawa ba. Kafin a kama biro, a fara gane irin tambayar, sannan a zaɓi hanya.

Ta farko kamar canjin kuɗi take: a mayar da sefa naira, a gama ciniki, a dawo da ita. A 2x/(x²+1), sai a kira x²+1 da suna u, amsa ta fito ln(x²+1). Lissafin duron ma da canji ake warware shi.

Ta biyu ita ce ɗaukar kaya kashi-kashi, idan abu biyu mabambanta suka ninka juna. Da ita x·eˣ ke ba da x·eˣ − eˣ.

Ta uku, wadda aka fi gamuwa da ita a jami'a, kwance dila ce: 1/(x²−1) rabin 1/(x−1) ne a cire rabin 1/(x+1), kowanne kuwa mai sauƙi ne.

Bayan haka sai tantancewa, kamar ƙirga canji kafin a bar rumfa: a ɗauki deribe na amsar, in tambayar ta dawo, an dace. Kada a manta da ƙara C.

Iyaye kuwa, ko ba su san boko ba, suna da abin yi. Yaron da ke ajin ƙarshe na lise yana buƙatar fitila, tsofaffin takardun BAK, da awa biyu kullum ba tare da aiken kasuwa ba.