Ina Za A Kai Yaro, Babbar Jami'a Ko Ƙaramar Kwaleji?

Ga wata mas'ala da aka kawo mini har zaure, na ga ya kamata mu duba ta tare.

Wani maƙwabcina mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya same ni bayan la'asar, ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan da ya sauke a hannunka ya gama sakandare, ya kuma ci jarrabawar JAMB. Larabci da shari'a yake so. Ga hanyar babbar jami'a ta buɗe, ga kuma ƙaramar kwaleji nan kusa da gida. Uwarsa tana son kusa, ni kuwa ina son inda ya yi suna. Wace za mu ɗauka?" Na ce, "Alhaji, ba ni kwana biyu."

To, jama'a, mu mutanen zaure ba mu gaji tambayar almajiri wace makaranta ya yi ba. Cewa muke, wurin wa ka karanta Risala? Wa ya biya maka Muhtasar? Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya tashi bayyana asalin iliminsa, littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, ya jera shaihunan da ya ɗauka daga gare su. Shehu Usmanu da kansa har Agadas ya tafi saboda mutum ɗaya, Malam Jibrilu ɗan Umaru. Kai, ko Azhar ta Masar, wadda aka aza harsashinta a 970, da can kowane shaihi yana da ginshiƙin da yake jingina, almajiransa sun kewaye shi, mutanen Barno ma suna da masaukinsu a ciki. Ashe babbar makarantar nan ƙananan zauruka ne aka tara a inuwa ɗaya.

Nan Kano ma mun ga haka. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon alƙalanci, aka ɗauko malamai daga Sudan. A 1947 aka mai da sunanta Makarantar Nazarin Larabci. Ƙarama ce, malami ya san kowa da sunansa da na garinsu, amma ita ta yaye Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, da alƙalai masu yawa. A cikin harabarta kuma aka fara wata kwaleji a 1960, wadda daga baya aka kira Kwalejin Abdullahi Bayero, ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Wanda ya raina ƙaramar makaranta, ya tuna kuka ma daga ƙwallo ta tsiro.

Amma fa kada a ce malamin allo yana jan ruwa gonarsa. Akwai ilimin da ba ya samuwa a kan buzu. Mai son likitanci dole ya je inda akwai asibitin koyarwa, irin na Shika wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke da shi. Haka mai son aikin injiniya ko haɗa magunguna, sai inda aka tanadi kayan gwaji. A babbar jami'a akwai ɗakin karatu irin na Kashim Ibrahim da ke Samaru, wanda littattafansa sun fi ƙarfin zaure dubu. Can yaro zai kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe da Babarbare da ɗan Tibi, ya san duniya ta fi unguwarsu faɗi. Takardar digiri kuma ta fi nauyi wurin neman aiki, mai ita yana zuwa bautar ƙasa, wadda aka fara a 1973, mai takardar malanta ta NCE kuwa ba ya zuwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawa. Wani tsohon almajirina ya dawo hutu daga wata jami'a, na tambaye shi sunan malaminsa na nahawu, ya faɗa. Na ce shi fa, ya san naka? Sai ya yi dariya. Ya ce a shekarar fari ɗaruruwa suke a zaure guda, malam yana magana da lasifika, na baya yana tsaye jikin taga, kowa da lamba aka san shi. In ka yi kuskuren wasali, babu mai jin ka balle ya gyara. Abin nan ya tsaya mini a rai. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya a gabana na ji da kunnena. Wanda yake da ƙwazo da baki, zai bi malami har ofis ya tambaya, ya fito da ilimi mai yawa. Mai kunya kuwa sai ya ɓace cikin taro, ya fito da takarda, cikinsa fayau. Ga kuma yajin aiki: a 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas ba su shiga aji ba, tun daga Fabrairu har Oktoba.

Ƙaramar kwaleji ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wata sai allon suna a bakin titi, babu littattafai, malamanta na haya ne, ba ma tabbas hukuma ta amince da takardarta. Sannan ga lissafin shekaru, wanda ɗan kasuwa ya fi ni iyawa. NCE shekara uku ce, daga nan a shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, a ƙara uku. Shida ke nan, alhali wanda ya miƙe tun farko huɗu zai yi a yawancin fannoni. Shekara biyu na ci da tufafi da kuɗin mota ba wasa ba ne.

Da kwana biyu suka cika na ce masa, "Alhaji, kai ba ka sayen dila sai ka kwance ka duba. Tafi kwalejin nan da ƙafarka ranar karatu. Ƙidaya kawunan da ke aji, tambayi wurin wa malamin fiƙihu ya karanta, nemi ka ga shaidar amincewar hukuma. In ta yi, sa yaron nan can. Shekara bakwai yana gabana, ban taɓa jin ya yi tambaya ba sai na kira sunansa. Ya fara inda za a kira shi, in bakinsa ya buɗe ya wuce jami'a. Ƙanensa kuwa, mai son likitanci, wanda ba ya barin kowa ya huta da tambaya, in lokacinsa ya yi kada ka tsare shi a gida."

Alhaji ya yi shiru, ya ce abokansa na kasuwa za su ce ya kasa biya ne. Na ce su ba su za su zauna a ajin ba. Ran Litinin da hantsi na hange shi ya bar yaran shago da kanti, ya sa babbar riga, shi da ɗan sun nufi kwalejin.