Hular ƙarfe a haƙoran yara: Dalilin da ya sa ake yi wa wasu allurar barci

A Azare da sauran garuruwan masarautar Katagum, an saba ganin haƙorin Makka a bakin alhazai a matsayin ado. Akwai kuma wata hular ƙarfe da likitoci ke sanya wa haƙoran ƙananan yara, wadda magani ce ga haƙorin da kogo ya ci.

Yaro yana da haƙoran nono 20, waɗanda ke fara fitowa yana da kimanin wata shida. Iyaye da dama na yin sakaci da su saboda za a yi famfara, alhali turamen ciki ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Idan aka cire su da wuri, haƙoran dindindin kan rasa gurbi su fito a karkace, ga wahalar tauna abinci.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa yara miliyan 514 ne ke fama da kogo a haƙoran nono. Babban musabbabin shi ne sukari: ƙwayoyin cutar baki na mayar da alawa da lemun kwalba wani sinadari mai tsami da ke zaizaye haƙori.

Idan kogon ƙarami ne, ciko ya wadatar. Idan kuwa ya ci ɓangarori da dama na turmi, ciko kan faɗi, don haka likita ke rufe haƙorin baki ɗaya da hular ƙarfen da ba ya tsatsa. Tun 1950 ake amfani da ita, kuma takan zauna har ranar da haƙorin zai faɗi da kansa.

Matsalar ita ce, yaro ɗan shekara uku da haƙoransa da yawa suka lalace ba zai iya zama shiru a kujerar likita ba. Haka ma wasu yara masu lalurar ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan ne ake yi wa allurar barci a ɗakin tiyata, a gyara dukkan haƙoran a zama ɗaya. Likitoci kan fifita hula a kan ciko a nan saboda ƙarkonta, domin kada a sake sa yaron barci.

Allurar barci tana da nata haɗarin. A watan Disamban 2016, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa maimaita ta, ko tsawaita ta fiye da awa uku, na iya shafar ci gaban ƙwaƙwalwar yaron da bai kai shekara uku ba. Dole ne a yi ta a asibitin da ke da ƙwararren mai ba da ita da kuma iskar numfashi. Ana hana yaro abinci na awa shida da nonon uwa na awa huɗu kafin aikin, kuma wajibi ne iyaye su faɗa idan yana tari ko zazzaɓi, ko yana da sikila.

Akwai hanya mafi sauƙi ga wanda aka kai da wuri. Wata likita a Sikotlan, Norna Hall, ta fito da dabarar ɗora hular a kan haƙori ba tare da allura ko fiƙewa ba, matuƙar kogon bai kai jijiya ba.

Azare na da babban asibitin gwamnatin tarayya, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Abin da ya rage ga iyaye a Jama'are, Gamawa, Shira da Zaki shi ne su nemi likitan haƙori da zarar sun ga farin tabo ko baƙi a haƙorin yaro, su kuma riƙa goge masa baki sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fulorayid.