Ciwon kan da ƙwaya ba ta warkarwa

Akwai abin da na lura da shi a wurinmu. Muddin yaro bai kai shekara 5 ba, ba mu wasa da awo da allurar rigakafi, balle tun da gwamnati ta sa maganin ƙananan yara kyauta a 2006. Amma da ya wuce 5, kyauta ta ƙare, sai mu ma mu ɗauke ƙafa. Ɗiya mai shekara 13 ko 14 kuwa, in ba zazzaɓi ya kwantar da ita ba, ba mai kai ta likita.

Bara wata ƴar ƙungiyarmu ta yi sati uku tana makara wurin zubi. Da muka matsa mata, sai ta ce ɗiyarta ce ba lafiya: kullum ciwon kai, ciwon ciki, ba ta barci, ta daina zuwa lekol. An sha paracetamol har an gaji, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Wasu na cewa iska ce, wasu na cewa iskanci ne, a yi mata aure ta huta. Muka ciro jikka biyar daga asusun taimako, suka tafi CSI, can aka tura su wurin likitan yara a birni.

Abin da likitar ta yi shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ta fara da jiki: ta auna jini ko akwai ƙarancinsa, ta duba masassara, ta tambayi maganar al'ada da abinci. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, don ƙarancin jini kaɗai na sa yarinya kasala da rashin walwala. Sannan ta ce wa uwar: «Hajiya, ki ɗan ba mu wuri.» Uwar ta ce mini ranta ya ɓaci, wai wace magana ce za a ɓoye wa wadda ta haifa? To amma a wannan ɗan zama ne yarinyar ta faɗi abin da ta yi wata huɗu tana haɗiyewa. Ta ji ana shirin cire ta daga karatu a ba da ita, kuma har ta fara tunanin gara ta mutu.

Mu da kunyar ɗan fari, da wane baki za ta faɗa mana? Likita ba dangi ba ce, ba za ta kai magana gidan biki ba. Sai dai in ran yarinya na cikin haɗari, nan dole ta sanar da iyaye, kuma haka ta yi, a gaban yarinyar. Ta ce a ɓoye maganin ƙwari da ƙwayoyin da ke ɗaki, kada a bar ta ita kaɗai, a dawo bayan sati biyu. Ta nemi uban ma ya zo. Da ƙyar, amma ya je.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar ƙwaƙwalwa ko damuwa, kuma rabin irin waɗannan cututtuka kan fara ne kafin a wuce shekara 14. Ba hauka muke nufi ba. A wurin matasa, damuwa takan fito ta hanyar ciwon jiki, saurin fushi, ko faɗuwa a karatu. Samari kuma wasu sai su faɗa shan tramol, mu ce sun lalace.

Likitocin yara ba su da yawa, akasari suna Yamai da manyan birane kamar Maraɗi, Damagaram da Tawa. Don haka a fara da CSI mafi kusa, a faɗi komai, ba ciwon kai kaɗai ba: a ce ba ta barci, ba ta magana, tana kuka. Wanda ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda a wuce gaba. Yaron da ya ambaci mutuwa kuwa, ranar za a kai shi, ba a jiran ranar kasuwa.

Yarinyar ta koma lekol, an ɗage maganar auren, har yanzu suna komawa ganin likita. A taronmu na ƙarshen wata mun amince asusun taimako zai riƙa biyan kuɗin mota na irin wannan tafiya, kamar yadda yake biya wa mai naƙuda. Mata biyu ba su yarda ba, sun ce kuɗin ba zai isa ba. Mun bar shi a kan gwajin wata shida.