Ƙaramin injin hannu mai juyawa: yadda za a more shi lafiya

Akwai ƙananan ayyuka da suke cin lokaci idan da magagari ko dutsen wasa za a yi su, kamar goge tsatsa, wasa almakashi, ko yanke kusar da ta maƙale. Ƙaramin injin hannu mai juyawa yana gama irin waɗannan cikin mintoci kaɗan. Ana riƙe shi kamar alƙalami. Wanda aka fi sani shi ne Dremel, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1935, amma yanzu akwai ire-irensa masu sauƙin kuɗi.

Yadda yake aiki

Injin ba shi da ƙarfi sosai, gudu ne da shi. Bakinsa yana juyawa sau 5,000 zuwa 35,000 a minti ɗaya, kuma gudun nan ne yake cin ƙarfe ko itace. Saboda haka ba a danna shi. Idan aka danna, sai ya yi zafi, bakin ya karye, ko injin ya ƙone. A ɗora shi a hankali, a bar shi ya ci da kansa.

Ana canja masa baki bisa ga aikin da ake so: ƙaramin dutse don wasa, faifai don yanka, burushin waya don tsatsa, da tsinke don zane a jikin ƙwarya.

Kafin a saya

A duba lambar da ke jikinsa. Wutar Nijeriya 230V ce. Injin gwanjo da aka yi don Amurka 120V ne, da an jona shi zai ƙone. A ƙauyuka irin su Lausu da na kewayen Rano da Kibiya, inda wuta ba ta da tabbas, mai batir ya fi dacewa, domin ana iya cajinsa inda ake da sola. A kuma tambayi mai shago a Kano ko yana sayar da bakunan canji, gama su ne suke saurin ƙarewa.

Kiyaye jiki

- A sa tabarau na kariya kowane lokaci. Faifan yanka siriri ne, idan ya fashe yakan yi tsalle zuwa fuska, kuma ɗan ƙarfe ɗaya ya isa ya lalata ido.
- A ɗaure abin da ake gyarawa a kan benci. Kada a riƙe shi a hannu ko a kan cinya.
- A cire wuta ko batir kafin a canja baki.
- A naɗe hannun riga, mata su ɗaure gyale sosai.
- Tartsatsi yana ta da gobara. A yi nesa da fetur, karan dawa da rumbu, musamman da rani.
- A rufe hanci lokacin zanen ƙwarya ko itace.
- Kada yara su tsaya kusa.

Wajen wasa kaifi

A riƙa tsoma ƙarfen cikin ruwa akai-akai. Idan bakin wuƙa ya koma shuɗi, zafi ya yi yawa ke nan, ƙarfen ya yi laushi, ba zai ƙara riƙe kaifi kamar dā ba. Manyan kaya kamar garma da gatari sun fi ƙarfin wannan inji, a kai su wurin maƙeri.

Tambayoyi don tattaunawa

- Waɗanne ayyuka ne muke zuwa Rano ko Kano dominsu, alhali za mu iya yinsu a gida?
- Idan ƙungiyarmu ta haɗa kuɗi ta sayi ɗaya, wa zai ajiye shi, wa kuma zai koya wa saura?
- Nawa za mu riƙa cirewa daga kowane aiki don sayen sabon baki da tabarau?